Yadda Ake Raba Tukunyar Shuka da Ƙudan Funfuna

Idan ka zuba wa tukunyar fulawa ruwa sai wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje suka tashi, suka ɗan yi shawagi a gajiye, suka koma suka sauka suna gudu a kan ƙasar, to ƙudan funfuna ne ya shigo maka. Tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Ƙafafunsa dogaye ne, ƙahonninsa sun fi kansa tsawo, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukarsa ɗan sauro. Ba ya cizo. Masana ƙwari suna sa shi cikin dangin Sciaridae, kuma wanda ya fi addabar tukwanen ɗaki da tiren rainon iri daga jinsin Bradysia yake.

Wanda kake gani yana tashi ba shi ne mai ɓarnar ba. Kwana 7 zuwa 10 yake yi a duniya, bai da aiki sai saka ƙwai. Mai ɓarnar tana ƙarƙashin ƙasa: farar tsutsa mai sheƙi wadda ake hango abin da ta ci ta cikin jikinta, ga ɗan baƙin kai kamar an ɗiga tawada. In ta ƙoshi takan kai milimita 6. Abincinta na asali funfuna ne da ruɓaɓɓen ganye, amma in sun yi yawa sai su koma kan siraran gashin saiwa, wani lokaci har su huda ƙasan kara su shige. Raunin da suka bari shi ne ƙofar cututtukan ruɓewar saiwa irin su Pythium da Fusarium. Babbar shuka mai kaurin saiwa takan jure, sai dai ka ga ta tsaya cak ba ta girma, ganyen ƙasa yana yin rawaya. Ƙaramin dashen tumatir, tattasai, attaruhu ko kabeji kuwa, da safe yana tsaye, da yamma ya kwanta, gindinsa ya tsuke kamar an shaƙe shi da zare.

Ka tabbatar shi ne

Kafin ka kashe ko sisi a magani, yanka ɗanyen dankalin turawa gunduwa-gunduwa, kaurin santimita ɗaya zuwa biyu. Danna ɓangaren da aka yanka a kan ƙasar tukunya har ya ɗan nutse. Bayan kwana biyu ko uku ka ɗaga, ka duba ƙasan dankalin da kuma gurbin da ya bari, da sauri, don tsutsar na gudun haske. In ka ga fararen tsutsotsi masu baƙin kai, magana ta ƙare. Wannan gwajin ne kuma zai nuna maka daga baya ko maganin na ci, saboda haka ka saba da shi. Kada ka bar dankalin ya wuce kwana uku, in ba haka ba shi ma ya zama abinci.

Akwai masu kama da shi. Ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba jikinsa ruwan ƙasa ne, idonsa ja, a kicin yake tarewa. Shi ne ke faɗawa tarkon ruwan tsami da sabulu da ake ta yaɗawa a intanet. Ƙudan funfuna bai cika kula wannan tarkon ba, ɓata lokaci ne. Akwai kuma wani gajere mai kauri, ƙahonninsa gajeru, da ɗigo-ɗigon fari guda biyar a kowane fiffike, mai ƙarfin tashi. Wannan gansakuka yake ci, ba saiwa ba, ko da yake ganinsa ma shaida ce cewa ruwa ya yi yawa.

Lissafin da ya sa ake kasa gamawa da shi

Mace ɗaya tana saka ƙwai 100 zuwa 200 a cikin tsagogin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 6, tsutsar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana ci, sannan ta naɗe ta kwanta kwana 3 zuwa 6, ta fito da fiffike. A zafin digiri 24 na ma'aunin Selsiyus, zagayen duka yakan kammala cikin kusan kwana 17. In wurin ya fi sanyi ya kai mako huɗu. Matsalar ita ce ba tare suke tafiya ba. A tukunya ɗaya, a rana ɗaya, akwai ƙwai, akwai ƙaramar tsutsa, akwai babba, akwai wadda ta naɗe, akwai mai tashi. Babu maganin da ke kashe su duka biyar a lokaci guda. Wanda ya zuba magani sau ɗaya ya ga ƙudaje sun ragu ya daina, bayan kwana goma zai ce maganin jabu ne, alhali ƙwan da bai taɓa ba ne ya fashe. Aikin na mako huɗu ne a ƙalla, a kan dukkan tukwanen da ke ɗakin, har waɗanda ba ka ga komai a kansu ba.

Ruwa

Nan ne tushen abin, nan kuma ya kamata a fi daɗewa. Kusan duk tsutsotsin suna zaune ne a santimita 5 na saman ƙasa, kuma ƙwan da ƙaramar tsutsar ba sa jure bushewa. Macen ma ba ta son saka ƙwai a busasshen wuri. Ke nan in saman ƙasar yana bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa, ka rushe musu gida.

Ka daina ban ruwa da agogo. Cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi ko ƙasa ta manne a yatsan, bari sai gobe. Hanya ta biyu ita ce ɗaga tukunyar: ka ji nauyinta bayan ka ƙosar da ita ruwa, ka riƙa ɗagawa kullum, hannunka zai koyi lokacin da ta yi sakayau. Tukunyar da ke ɗaki mai na'urar sanyaya iska, nesa da taga, tana iya yin mako guda ba ta nemi ruwa ba. A watan Agusta, da iska ke cike da laima, ta fi haka. Da yawan masu fulawa suna ci gaba da ban ruwan bazara har tsakiyar damina, shi ya sa a lokacin ne ƙudan ya fi yin yawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yayyafi kaɗan-kaɗan kowace safiya. Wannan yana jiƙa saman da tsutsa ke zaune ne kawai, saiwar ƙasa kuma ta zauna da ƙishi. Gara ka ba da ruwa sosai har ya fito ta ramukan ƙasa, sannan ka ƙyale. Mafi kyau ma ka shayar ta ƙasa: zuba ruwa a faranti ko baho, zurfin santimita 2 zuwa 3, sa tukunyar a ciki minti 20 zuwa 30, cire ta, bari ta tsiyaye. Ƙasar za ta ja ruwan zuwa saiwa, saman ya zauna a bushe. Sau ɗaya a wata ka zuba ta sama da yawa don wanke gishirin taki da ke taruwa. Ruwan da ya rage a farantin ƙasan tukunya kada ya kwana.

Wani abu mai ruɗarwa: shukar da saiwarta ta fara ruɓewa tana yin yaushi kamar mai jin ƙishi. Mai ita sai ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta. In ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, zare shukar ka duba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce mai ƙwari. Wadda ta lalace ruwan ƙasa ce, laushi gare ta, fatarta na saɓulewa in ka ja, ga wari.

Dashe ƙanana ba za su jure bushewar santimita 5 ba, saiwarsu duka ba ta kai haka ba. Su sai a haɗa musu shayarwa ta ƙasa da iska: cire leda ko murfin da aka rufe tiren da shi da zarar iri ya tsiro, sa ƙaramar fanka tana kaɗawa a hankali ta saman ƙasar. Ƙudan ba shi da ƙarfin tashi, iskar ma kaɗai na hana shi sauka.

Tarko

Launin rawaya na jan mai tashi. Ana sayar da kati mai ɗanƙo, amma haɗa shi a gida ba wuya: yanka tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa, girman tafin hannu, wanke, shafa man basilin siriri ko gam ɗin ɓera. Basilin yakan narke ya tsiyaye in ɗakin da zafi, gam ya fi daɗewa, sai dai a kiyaye shi daga yara da kyanwa. Kwantar da katin a bakin tukunya dab da ƙasa, ko ka kafa shi da tsinke bai fi tsayin yatsa ba. Wanda aka rataye can sama da ganye kaɗan yake kamawa. Ka riƙa canzawa kowane mako kana ƙirga abin da ya kama. Tarko ba ya gama da su shi kaɗai, amma kowace mace da ta manne ƙwai sama da ɗari ke nan ba za a saka ba.

Kashe tsutsar

Mafi inganci kuma mafi sauƙin haɗari shi ne Bti, wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis israelensis, da aka gano a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negev. Tana yin wani furotin da ke fasa hanjin tsutsar sauro, ta ƙudan funfuna, da ta baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi. Da ita ma aka yi ta feshin koguna a shirin yaƙi da wannan cuta a Yammacin Afirka, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002, har da Nijar da Gana. Ba ta cutar da mutum, dabba ko shukar. Ana samunta da sunaye kamar Gnatrol, Mosquito Bits da Mosquito Dunks. Ba kowane shagon maganin gona ke da ita ba, sau da yawa sai an yi oda. Ka karanta jikin kwalin da kyau: in an rubuta kurstaki maimakon israelensis, wannan na tsutsar da ke cin ganye ne, ba zai taɓa ƙudan funfuna ba.

Ga mai tsaki-tsakin, wato Mosquito Bits, babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. Jiƙa minti 30, motsa, tace, shayar da ruwan ta sama a hankali har saman ƙasar ya jiƙe ko'ina, gefe-gefe ma. Zubar da tsakin. Ɓarzajjen totuwar masara ne, in ka bar shi a kan ƙasa funfuna zai yi, ka koma ciyar da abin da kake yaƙa. Yi amfani da ruwan a ranar. Ƙarfin Bti a cikin ƙasa kwana biyu ne ko makamancin haka, kuma ƙaramar tsutsa ya fi kashewa; babba da ta kusa naɗewa takan tsira, ƙwai da mai tashi kuwa ko a jikinsu. Saboda haka sai an maimaita kowane kwana 5 zuwa 7, sau uku ko huɗu. Kada ka ƙara shi a kan ban ruwan da ka saba. Shi ne ban ruwan: jira ƙasa ta bushe, ranar shayarwa sai ka shayar da ruwan Bti.

In babu Bti, akwai haidurojin da ake wanke ciwo da shi, na kemis, wato hydrogen peroxide. Duba ƙarfinsa a jikin kwalba. In kashi 3 cikin ɗari ne, awo ɗaya na magani, awo huɗu na ruwa. In kashi 6 ne, awo ɗaya da awo tara. Bari ƙasar ta ɗan bushe tukuna, sannan ka zuba har ya ratsa. Za ka ji tana ƙara kamar an buɗe lemon kwalba, ga kumfa. Ba matsala, cikin ɗan lokaci yake rikiɗewa ya zama ruwa da iskar oksijin. Yana kashe tsutsar da ya taɓa nan take, wadda bai taɓa ba ta sha. Kuma ba ya zaɓe, har ƙwayoyin ƙasa masu amfani yake ƙonawa, shi ya sa sau ɗaya ko biyu ya isa, ba abin yi kowane mako ba ne. Kada a haɗa shi da Bti a rana ɗaya. In za ka yi duka biyun, haidurojin da farko, bayan kwana uku ko a shayarwa ta gaba sai Bti. A kan dashen da bai wuce ganye biyu ba, gwada a kan kaɗan ka jira kwana biyu.

Dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, yana da amfani, in an san abin da ake nema a jikinsa. Sinadarin azadiraktin a cikin ƙwallon ya fi yawa, ba a ganye ba. Samo busassun 'ya'yan da ba su shekara ba kuma ba su yi funfuna ba, ɓare, daka ƙwayar, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa. Jiƙa ya kwana, tace da ƙyalle, shayar a ranar. Ga dashe ƙanana a raba ƙarfin biyu. Ba ya kashewa nan take. Hana tsutsar saɓar fata yake yi, sai ta kasa girma ta mutu, don haka sai bayan mako guda ake ganin bambanci, kuma shi ma sai an maimaita. Tuƙar da ta rage kada a zuba ta a saman tukunya.

Masu gidajen rainon shuka a Turai da Amurka sun fi dogara da wasu halittu masu farauta: tsutsar ƙasa da ido ba ya gani mai suna Steinernema feltiae, wadda ke shiga jikin tsutsar ƙudan ta kashe ta cikin kwana biyu, da wani ɗan mitsitsin ƙwaro, Stratiolaelaps scimitus, mai yawo a saman ƙasa. Suna aiki ƙwarai. Sai dai ta farkon a firij ake ajiye ta, tana buƙatar ƙasa mai laima, kuma in zafin ƙasa ya haura digiri 30 ƙarfinta faɗuwa yake yi. Ga wanda ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, kafin ta iso ma ta mutu a hanya.

Maganin feshin sauro na gwangwani yana kakkaɓo masu tashi, gobe wasu su fito, kuma yana iya ƙona ganye. Fiya-fiya da sauran masu sinadarin dikulobos kuwa kada a kusanto da su tukunyar ɗaki, balle ta na'a-na'a ko tumatir da za a ci. Guba ce mai tashi a iska, a ɗakin da ake kwana.

Rufe saman ƙasa

In tukunyar ta cika da su, kwashe santimita 3 zuwa 5 na sama da cokali, ƙulle a leda, fitar da shi daga gidan. Maye gurbinsa da tsaftatacciyar ƙasa, sannan ka shimfiɗa yashi mai tsakuwa, wankakke, busasshe, kaurin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, har jikin tukunyar ba tare da barin kafa ba. Yashi mai laushi kamar gari ba ya yi, daskarewa yake ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa. Shimfiɗar yashi tana amfani ne in ana shayarwa ta ƙasa. In ana kwarara ruwa ta sama, cikin mako biyu ta cakuɗe. Tana kuma ɓoye maka laimar ƙasa, sai ka koma auna nauyi. Kada ka manta da ramukan ƙasan tukunya, don in an toshe musu sama nan suke komawa. Ɗaure su da guntun tsohon gidan sauro.

Garin kirfa da ake barbaɗawa yana ɗan rage funfunar sama, bai wuce nan ba. Ruwan wankin shinkafa, tuƙar ganyen shayi, garin kofi da ɓawon ayaba da ake cewa taki ne, a tukunyar ɗaki liyafa ce ga tsutsa. A dakatar da su duka, har da duk wani takin gargajiya, sai an gama yaƙin. Busasshen ganyen da ya faɗo a tsince.

Ƙasar da aka fara da ita

Yawanci da ƙasar suke shigowa, ko da sabuwar shukar da aka sayo a bakin titi. Takin shanu ko kashin kaji da bai gama ruɓewa ba, da garin katako ɗanye, su ne suka fi jawo shi. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ƙanshin ƙasar farkon damina yake yi, ba ya ɗumi in ka cusa hannu. Haɗin da ke tsiyaye ruwa da kyau: awo biyu na ƙasa mai kyau, awo ɗaya na takin da ya nuna, awo ɗaya na yashi mai tsakuwa, awo ɗaya na ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa. Jiƙa ka dunƙule a hannu. In ka buɗe ya tsaya, ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zauna kamar curin fura, laka ta yi yawa.

Tukunya ta zama daidai da shukar. Ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya ba ta iya shanye ruwan, sai ƙasar ta yi kwanaki a jiƙe. Bokitin fenti ko roba a huda masa ramuka biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Tsakuwar da ake zubawa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce ba ta yin hakan. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ta cika taf, saboda haka matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa kawai take yi. Tukunyar yumɓu da ba a shafa wa fenti ba tana numfashi ta jikinta, ta fi roba saurin bushewa.

Kafin a shuka, ana iya kashe ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙasa da zafi. A bazara, ɗan jiƙa ƙasar, zuba a farar leda mai nuna ciki, baje ta kada kaurin ya wuce santimita 8, ƙulle, shimfiɗa a kan siminti inda rana ke duka tun safe. Mako guda, ana juyawa. In da gaggawa ko damina ce, turara ta a madambacin da aka ware don wannan aikin, minti 30 daga lokacin da tururi ya ratso sama. Abin da ake nema digiri 70 zuwa 82 ne. Kada a soya ƙasa a kasko a kan wuta. In zafin ya wuce kima tana sakin manganis da amoniya da ke ƙona saiwar dashe. Bari ta huce sarai, a ajiye a rufe, don buhun ƙasa da aka bari a buɗe a lungu mai laima shi ne wurin da suka fi hayayyafa ba a sani ba.

Sabuwar shuka ta yi mako uku a wani ɗaki dabam, da katin rawaya da yankan dankali a kanta, kafin ta shiga cikin sauran.

A mako na farko na magani kada ka yi tsammanin ƙudajen za su ɓace; waɗanda suka riga suka naɗe suna ci gaba da fitowa, wani lokaci har ka ga kamar ƙaruwa suka yi. Dankalin ne zai fara nuna sauyi, kati ya biyo baya a mako na biyu zuwa na uku. In an kai mako na huɗu kati yana cika kamar da, akwai matattarar da ba ka gano ba: tukunyar da aka manta a bayan labule, buhun taki, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ko gansakukar ƙarƙashin faranti. Ana dakatar da magani ne in sabon kati ya yi mako biyu a jere bai kama ko ɗaya ba, yankan dankali kuma ya fito fes sau biyu.